Wai salula ce ta kashe langa? Fashin baƙi kan wasannin yaran Maraɗi

Duk majalisar da ka zauna a garin nan, in dai aka taɓo zancen yaran yanzu to amsar ɗaya ce, wai salula ta gama da su, ba su san langa ba, ba su san dara ba, 'yan mata ba su iya gaɗa ba sai rawar TikTok. Ni kaina na daɗe ina faɗin haka dan ya fi daɗin faɗi, ka ɗora ma waya laifi ka kurɓe shayinka ka tashi. Amma ranar da na zauna na yi lissafin abin da kyau sai na ga bai fita ba. Yara 'yan shekara tara nawa ne ke da babbar waya a jihar nan? Ka leƙa ƙauyukan Mayahi ko na Tasawa, wani gidan gaba ɗaya waya guda ce, ita ma 'yar ƙaramar nan mai tocila, tana aljihun mai gida, amma can ma in ka tambayi tsofaffi za su ce maka dandali ya mutu. To in babu waya kuma wasan ya ja baya, ai ka san akwai wata a ƙasa.

Bari mu fara da zancen ƙabila, dan nan ne mutane suka fi ruɗewa. Ana son a yanka abin kamar tsire, wannan wasan Hausawa ne, wancan na Fulani, wancan na Buzaye. Gaskiya ne jihar Maraɗi ta tara jama'a, ga Katsinawan da suka baro birnin Katsina bayan ya faɗa hannun masu jihadi a 1807 suka zo suka kafa sarautarsu nan, ga Gobirawa a Tsibiri nan kusa da mu, in ka yi arewa wajen Dakoro da Bermo ga Fulani da Buzaye da dabbobinsu. Amma in ka tsaya ka kalli yaro yana wasa, sana'ar gidansu za ka gani kafin ka ga ƙabilarsa. Ɗan makiyayi laka yake ɗiba bakin tabki ya gina shanu, kowace da tozonta da ƙahonta, ya yi masu garke da tsinke, har yana kiransu da sunan launinsu kamar yadda ya ji babansa na yi, ɗan Buzu shi kuma raƙumi zai gina ya ɗora masa sirdi. Ɗan mahauci tun yana ƙarami yake naɗe hannu da tsumma yana kwaikwayon dambe, ko ya riƙe ƙahon ragon gidansu wai shi hawan ƙaho yake, dan duka biyun gadon rundawa ne. Ɗan manomi kuwa kara ne dukiyarsa. Yanzu ka ɗauki ɗan Bafillacen da aka haifa a unguwar Zariya nan cikin gari, babansa na da shago a babbar kasuwa, wallahi bai san sharo ba sai a bidiyo, balo yake bugawa kamar kowa. Shi ma sharon ai ba duk Fulani ke yinsa ba, Woɗaaɓen wajen Bermo da gerewol aka fi saninsu, kuma sharo ba na ƙananan yara ba ne, na samarin da suka tasa ne, ƙanana sai dai su koma bayan ruga su kwaikwaya da tsumagiya, ɗaya ya ɗaga hannu sama ya ƙi motsi, a tsula masa, ya yi murmushin dole hawaye na zuba.

Ke nan wasa ƙasa yake bi, da sana'a, da lokaci. Lokacin nan kuwa shi ne abin da 'yan birni suka manta. Da can babu wanda ke yin kowane wasa ko yaushe, kowane da watansa. Da damina hannu na gona, abin da ya rage sai iyo a tabki da ginin laka. Kaka ita ce sallar yara, an yi girbi ciki ya cika, kara ya zube ko'ina, gonaki sun zama fili, dare ga farin wata, nan ne langa da kokowa da gaɗa ke ci. In ɗari ya shigo sai a koma bakin wuta, tatsuniya da kacici-kacici, da asuba a fita kamun fara tun sanyi bai sake ta ba, a yi farautar gafiya da kurege. Bazara zafi ya hana gudu, sai dara a inuwar bedi. In azumi ya kai goma kuma sai tashe, a liƙa gemun auduga a cusa tsumma a ciki a bi gida-gida ana ba mutane dariya ana samun hatsi ko 'yan dala-dala. Shekara ce cikakkiya mai tsarinta, ba wanda ya rubuta ta amma kowane yaro ya san ta.

Langa nake so in daɗe a kai dan ita na fi sani, kuma ita ta karya min hannu. Ga wanda bai taɓa gani ba, ka lanƙwasa ƙafa ɗaya ta baya ka riƙe ta da hannu, saura ƙafa ɗaya ta tsalle da hannu ɗaya na ture. An kasu gida biyu. Gidan da ke da wasa suna da mutum guda da ake ce ma ruwa, shi ne ake so ya kai wurin sha, wata bishiya ce ko turmi ko wani zane da aka yi a ƙasa can bayan abokan gaba, sauran kuma aikinsu su buɗe masa hanya su kare shi, akwai ƙaƙƙarfan da ke manne da shi ana ce masa doki. Duk wanda aka ture ya faɗi ko ya saki ƙafa, an kashe shi, ya koma gefe. In aka kashe ruwa wasa ya juya, in ya sha kuwa an ci ku. Dokokin sukan ɗan bambanta daga unguwa zuwa unguwa, abin da 'yan Bagalam suka yarda da shi ba lalle 'yan Mokoyo su yarda ba, shi ya sa in za a haɗu unguwa biyu sai an fara daidaitawa tukuna, wani lokacin ma cacar bakin ta fi wasan tsawo.

To ga inda dabarar take. Ba a ba ƙato ruwa. Ruwa ɗan siriri ake nema mai wayo, wanda zai laɓe bayan manya kamar ba ya nan, ya bari a shagala da ture-ture a tsakiya shi kuma ya sulale ta gefe. Wani lokacin ma a yi ta kare wani da gangan kamar shi ne za a wuce da shi, duk a taru a kansa, ashe hanya ake buɗewa ta can. Yaro ɗan shekara goma ne fa ke tsara wannan, babu mushen lakwal, wato malami, babu koci. Kuma abin da ya fi burge ni yanzu da na girma, babu alƙali. Ba usur, ba babba ko ɗaya a wurin. "Ka saki!" "Ban saki ba!" "Rantse!" Nan take ake shari'a, waɗanda aka kashe suna gefe su ne shaidu, kuma hukuncin da ya fi kowane zafi shi ne a ce gobe ba mu yi da kai. Duka ma ya fi sauƙi wallahi. Yaron da ya cika rinto kwana biyu yana zaune yana tsaron riguna da takalman mutane, da kansa zai gyaru. Ni ban san wata makaranta da ke koya ma yaro cewa doka sai da yardar jama'a take tsayawa kamar wannan ba, ka yi gardama iya ƙarfinka amma ka san inda za ka tsaya dan kar wasan ya watse kowa ya yi asara.

Ranar da na karye, wani ne ya zo min ta baya ina ƙoƙarin sha, na tafi da hannu ɗaya na dafa ƙasa, sai ji na yi ƙas. Yayyena suka kai ni gida ana ta "kar ka faɗa ma baba", kamar hannun da ya kumbura zai ɓoyu. Kakata ce ta fara gani, ta ce "mai gida, wa ya taɓa min kai, yanzu wa zai yi min noma?" tana tsokana tana ɗaure hannun da ɗankwali, da safe aka kai ni wurin mai ɗori ya ja ya jera karare ya ɗaure, ihun da na yi har yau in na wuce layin sai na tuna. Abin da nake so ku lura da shi, babu wanda ya je gidan su yaron nan da faɗa. Babansa ne ma ya zo da kansa ya duba ni, babana ya ce ai wasa ne, tsautsayi ba ya wuce ranarsa, shi ke nan. Yau in haka ta faru a wasu unguwanni sai dai a ji zance a kwamsariya, kuma wannan ma yana cikin abin da ya sa iyaye suka gwammace yaro ya zauna gaban tele, aƙalla ba zai jawo masu magana ba.

Dara ita ba ta son hayaniya. Gurbi 30 ake tonawa a ƙasa, layi 5 kowane da 6, kowa da 'ya'ya 12, ɗaya ya ɗauki tsinke ɗaya ya ɗauki tsakuwa, a arewa ma har kashin raƙumi ake yi da shi. Da farko ana dasawa ɗaya bayan ɗaya kuma ba a yarda ka jera uku a lokacin dashe ba, sai an gama a fara turawa gurbi ɗaya-ɗaya, gaba ko baya ko gefe, duk sanda ka jera uku ka cire ɗan abokin wasanka guda. Gwani tun wurin dashe yake cinye ka, ya kafa yadda ɗa guda zai riƙa zuwa yana dawowa kowane motsi da ci, kai kuma kana kallo ba yadda za ka yi. Zabarmawa na ce mata dili, kuma daga Yamai har Damagaram za ka tarar da ita. Wasan manya ne a asali, yara a tsaye suke koyo bayan dattijai, a aike ka sayen goro ka dawo ka ci gaba da leƙe, sai ranar da babu kowa ku tona taku. Har cikin magana ta bar mana gado, in mutum ya ƙulla sharri ya koma kansa ai cewa ake dara ta ci gida. Ita dara ba ta mutu ba, har yanzu akwai ta bakin kasuwa da tasha, sai dai karta da lido sun ƙwace mata samari, kuma yaron da ba ya zama kusa da tsofaffi a ina zai gan ta.

Na 'yan mata kuwa mu maza mun raina shi da muna yara, sai yanzu na gane ya fi namu zurfi. Carafke kaɗai ta isa misali, ki jefa dutse sama, kafin ya sauko ki kwashe na ƙasa ki cafe shi, ɗaya-ɗaya, bibbiyu, uku-uku, in kika taɓa wanda ba shi ba kin faɗi. Na gwada da girmana gaban ɗiyar ƙanwata, ta yi ta dariya tana "kawu hannunka ya yi nauyi". Ga 'yar gala-gala da ake zana ɗakuna a ƙasa ana tsallake da ƙafa ɗaya, ga tuwon ƙasa, ga 'yar tsana ta kara ko ta ƙashi da ake yi ma kitso da zane har a ɗaura mata aure, a yi gayya, a kai gara, a yi faɗan dangin miji, komai da komai yadda suka ga iyaye na yi. Sai gaɗa, wadda ita ce uwa. A yi da'ira ana tafi, ɗaya ta shiga tsakiya ta juya baya ta saki jiki gaba ɗaya ta faɗo, sauran su tare ta su cilla ta sama ta dira. Ka tsaya ka yi tunanin yardar da ke cikin wannan, ki faɗo ta baya ba ki duba ba dan kin san ba za a bar ki ki sha ƙasa ba. Waƙoƙin kuma nan ne yarinya ke faɗin abin da ba ta isa ta faɗa a gida ba, tsohon da ake so a ba ta, saurayin da ya yi rowa, kishiyar uwa, duk a cikin habaici, gari na ji kuma ba wanda zai ce ta yi rashin kunya tunda waƙa ce.

Kar kuma in yi kamar komai na da alheri ne, dan masu kukan "zamaninmu" sun iya share wannan. Iyo a tabki ya ci yara, kusan kowace damina sai an yi jana'iza, waɗanda suka tsira kuma da yawa sun kwaso tsargiya suna fitsarin jini ana ce masu wai alamar girma ce. Danƙon harbin tsuntsu ya fasa idanu. Wasu wasannin duka ne zalla, kamar jini-jini da za a riƙa kiran sunaye da sauri, akuya jini, kaza jini, sai a jefo dutse ko turmi, bakinka ya suɓuce ka ce jini, a rufe ka da duka, kuma kullum ƙarami da marar dangi a wurin shi ya fi shan wuya. Mai gurguwar ƙafa ko mai in'ina abin da ya gani a dandali shi kaɗai ya sani. Sannan ba kowace yarinya ta samu wasan ba, wata tun safe faranti na kanta tana talla, ta dawo ga surfe ga ɗaukar ƙane.

To me ya ja da wasannin baya in ba waya ba? Na farko fili. Tsofaffinmu sun ba mu labarin yadda ambaliyar 1945 ta sa aka taso da garin daga kwarin gulbi aka hau tudu, lokacin fili har ya yi yawa. Mu ma mun tarar da kangaye a kowace unguwa. Yau duk an yanka farsel an sayar, inda muke langa shaguna ne, layin da ya rage kuma kabu-kabu da adaidaita ba su bari yaro ya yi tsalle uku. Langa na son wuri mai yashi mai faɗi, ba a yinta kan gudro. Ga shi kuma yaran ba raguwa suka yi ba, kusan rabin mutanen Nijar ba su kai shekara 15 ba, Maraɗi kuwa tana sahun gaba wajen haihuwa, yara sun ninka fili ya ƙanƙance.

Na biyu zai ba wasu dariya amma ku yi haƙuri ku ji, kara ya yi kuɗi. Da in an gama girbi kara na nan zube a gona, makiyayi ya shigo da shanu su ci su bar taki, yaro ya ɗebi son ransa. Da ɓawon kara da totuwarsa muke ƙera mota har da ƙofa mai buɗewa, da tabarau, da jirgin sama, da keji, dokin kara kuwa kowa ya hau. Yanzu manomi na gama yanke gero yake tattare karansa ya ɗaure ya ɗora kan bishiya ko ya kai gida, dan abincin dabba ne, darni ne, makamashi ne, in rani ya yi tsanani kuɗi ne a kasuwa. Ka taɓa damin karan mutum yau ka ga yadda ido ke ja. Wannan canjin shi ne dai ke haddasa rigimar manoma da makiyaya, kuma shi ne a ɓoye ya rufe masana'antar yara. Su dai ba su haƙura ba, sun koma gwangwanin madara da na tumatir, taya kuma a yanko daga tsohon silifas, katantanwar da ake murzawa ma yanzu da murfin bik ake yinta. Hannun na nan, kayan aikin ne suka canza.

Na uku dare, kuma nan ne zancen ke da ƙaiƙayi. Yawancin wasannin nan na dare ne, bayan an ci tuwo. Zamanin Seyni Kunce, bayan 1974, gwamnati ma da kanta ta ɗaga samariya, kowace unguwa da sarkin samarinta, dandali na da mai shi kuma yana da tsari. Daga baya wa'azi ya yi ƙarfi a kan cakuɗuwar maza da mata da dare, makarantun dare na islamiyya suka yawaita, kuma ni ba zan ce malamai ba su da hujja ba, duk wanda ya san abin da ake kira tsarance ya san ba ƙarya suka yi ba. Sai dai wake ɗaya ne ya ɓata gari, garin hana na balagaggu aka haɗa da 'yar shekara takwas mai carafke da tafi. Ga kuma aure da ke ɗauke manyan 'yan matan da wuri, a ƙasar nan kusan uku cikin huɗu ana yi masu aure kafin 18, su ne kuwa masu ba da waƙa, in suka tafi wa zai koya ma na baya? Wasa ba a littafi yake ba, daga ɗan 13 yake sauka kan ɗan 9, in aka cire tsani ɗaya shekara biyar ta isa a manta. A kudancin jiha kuma, wajen Madarunfa da Gidan Runji kusa da iyaka, tun da 'yan bindiga suka fara tsallakowa suna satar shanu da mutane, har dubban 'yan gudun hijira suka shigo daga Sakkwato da Zamfara da Katsina a 2019, wane uba ne zai bar ɗansa a waje bayan isha'i dan farin wata ya fito?

Lakwal ma da nata kason, ba wai dan boko mugun abu ne ba, kalandar ce ta zo a karkace. Ana komawa aji a watan Oktoba, daidai lokacin da kaka ke kamawa, babban hutu kuma ya faɗo cikin damina sanda ƙauye ke gona. Wato watannin wasa an ba aji, watannin hutu an ba hauya. Kuma a lakwal kowa da sa'anninsa yake zama, ɗan aji shida ba ya kula ɗan aji biyu, alhali a dandali haɗuwar babba da ƙarami ita ce makarantar.

In kana son shaidar cewa ba sha'awa ce ta mutu ba, dubi kokowa. Ita ma wasan kaka ce ta ƙauye kamar sauran, amma a 1975 gwamnati ta ɗauke ta ta mai da ita gasar ƙasa, aka fara a Tawa, kuma ɗan Maraɗi ne ya fara ɗaukar takobin da ake ba zakaran gasar, Yakuba Kantu, wanda filin kokowar garin nan ke ɗauke da sunansa. Yau jihohi 8 kowace na kawo 'yan kokowa 10, ana zagayawa da gasar jiha-jiha, rediyo da tele na watsawa kai tsaye, ga makaɗa ga 'yan cali-cali masu ba da dariya ga kyautar miliyoyi. A kwanakin gasar ka zaga unguwa ka gani, duk inda aka zube yashin gini yara ne a kai, an ɗaura tsumma a damtse wai laya, wannan ya ce shi ne Isaka Isaka na Doso mai takobi 6, wancan ya yi kirari ya daki ƙasa. Yaran nan fa su ne dai masu kallon bidiyon a waya. Wayar ba ta hana su ba, ita ce ma ke ƙara zuga su. Abin da kokowa ta samu wanda langa da gaɗa ba su samu ba shi ne fili nata na kanta, da lokaci sananne a shekara, da manyan da yaro zai kalla ya ce ina son in zama wane.

A Najeriya an shigar da langa cikin wasannin gargajiya na gasar ƙasa tare da dambe da kokowa, har an kasa ta kashi uku, ruwa da tureshi da kawoshi, da riguna masu lamba da alƙali. Abu ne mai kyau, na fi son haka da a ce ta ɓace. Amma ni dai raina bai cika kwanciya ba, dan ranar da babba ya shigo da usur to rabin abin ya tafi, tsallen ya rage, shari'ar da yara ke yi da kansu ta koma hannun wani. Da za a tambaye ni, da magajin gari ya kashe kuɗi wurin shirya biki na kwana ɗaya da jawabai da rumfuna, gara duk sabon yankan filaye a bar kango guda a kowace unguwa, a zuba yashi, a hana gini a kai, manya kuma su yi nesa.

Abin da ya ƙarasa canza min ra'ayi shi ne watannin da Najeriya ta yanke mana kuran, wato wutar lantarki, bayan juyin mulkin Yulin 2023. Kowa ya san wuyar da aka sha, ba sai na faɗa ba. Amma a layinmu akwai wani farsel da mai shi bai gina ba, da dare ya yi zafi ɗaka ba fanka ba tele, sai yara suka fara taruwa can. Farko guje-guje ne kawai da ɓuya. Wani dare ina zaune ƙofar gida sai ɗan ƙanwata ya zo ya ce "kawu, wai da gaske ne an karya ka wurin langa? Inna ta ce kai ne ruwa." Na ce ƙwarai, na tashi na nuna masu yadda ake riƙe ƙafa, na zana masu wurin sha, tsalle huɗu na yi gwiwa ta ce ba ta san zance ba, na koma tabarma. Kwana uku ban sake sa masu baki ba. Da na leƙa sai na tarar har sun ƙara dokar da ban koya masu ba, wai in ruwa ya sha sau biyu a jere dole a canza shi dan kowa ya taɓa, kuma ana ta "ka saki, wallahi ka saki" kamar shekara talatin ba ta wuce ba. Can gefe 'yan mata sun sa wata tsohuwar maƙwabciyarmu gaba tana tuna masu tafi, tana cewa ba haka ba ne ku saki jiki mana. Wani ƙaramin ma ya zo ya ɗaure ni da kacici-kacici, shanuna dubu maɗaurinsu ɗaya, na yi kamar ban san tsintsiya ba ce, ya ce sai na ba shi gari, na ba shi Gazawa ya ce bai so, sai da na ba shi Maraɗi da kasuwarta.

Da wuta ta dawo taron ya ragu, ba zan ɓoye ba, amma bai watse ba, duk farin wata sai ka ji su. Satin da ya wuce ne na ga tifa ta sauke yashi da bulo a wurin, mai farsel ya samu kuɗin gini. Yashin dai yaran sun riga magina hawa, tun jiya kokowa suke a kai, mai gadi na kora suna dawowa.